Gishirin da Mariamu Ta Cire

A layin da ke bayan kasuwar Agege, in ka ce Mariamu sai a tambaye ka wacce, don sun fi biyar. In ka ce Mariamu mai tire, ko mai okada, wato ɗan acaɓa, da ya shigo unguwar jiya zai nuna maka gidan. Ba sayar da abinci take yi ba, ba ta taɓa kafa tebur a bakin titi ba. Tire ɗaya ne tak, babba, na silba, wanda take cikawa duk ranar da ake babban wasan ƙwallo, a kai wa maza a baranda. Da wannan tiren ta yi suna, kuma ba ta ɓoye cewa tana jin daɗin sunan.

'Yar Agege ce gaba da baya. Kakanta soja ne na zamanin Turawa, aka sallame shi a Ikko, wato Legas, ya duba nisan Arewa ya ce ya gaji. Ita sau biyu ta taɓa zuwa Kano, duk biyun biki ya kai ta, duk biyun kuma ta dawo tana cewa miyarsu ruwa ce. Yarbanci a bakinta ba ya tuntuɓe. Tuwo da miya a wurin uwarta ta koya, suyar tattasai da manja kuwa a wurin maƙwabtansu Yarbawa, ta haɗa biyun ta fi kowa. Mariamu ba ta auna mai, tuttulawa take yi. Dunƙule kuma sai ta ɓare ta ɓare har takardun su taru a gefen murhu, sannan ta ɗanɗana ta ƙara ɗaya don kada a ce ta yi rowa.

Mijinta Oumarou mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar. Ya zo Legas yana saurayi, ya samu gadi a wata masana'anta a Ogba, ya yi shekara ashirin da takwas yana buɗe ƙofa ɗaya yana rufewa. Lokacin da ya zo neman aurenta danginta sun yi ta gunaguni, wai baƙo ne, ba a san kowa nasa ba. Gaskiya suka faɗa, ba shi da kowa a garin. Ita dai ta ce shi take so, aka ƙyale ta. Suka haifi uku, duk suka girma suka kama gabansu, har auta Rahma aka kai ta Ajegunle. Aka bar su su biyu a ɗaki da falo, cikin irin gidan hayar nan mai dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, madafa tana can baya.

Dangin da Oumarou bai zo da su ba, talabijin ce ta samo masa su. Ya sayo wata ta hannu a Alaba, ya ɗora ta a kan tebur a baranda saboda zafin ɗaki, ran Asabar aka sa ƙwallon Ingila, mutum biyu suka tsaya, suka zauna. Mako na gaba suka zama biyar. Mariamu ta leƙo ta ga la'asar ta wuce, maza a ƙofar gidanta ba abin da suka sa a baki, ta ji kunya ta kama ta, ta juye dafa-dukan da ta yi a tire ta ba mijinta ya kai. Shi ke nan ta ɗaure kanta shekara goma sha shida.

Abin ya zama da ƙa'ida. Mamman mahauci, wanda ke aiki a abbatuwa, shi ke aiko da kayan ciki da ganda da ƙafar sa tun da safe. Shafi'i direban bas ɗin haya, danfo, yakan ajiye mota da wuri ya shigo da lemon kwalba rungume a ƙirji. Sauran kowa da abin da ya samu, wani burodi, wani albasa. Da an tafi hutun rabin lokaci Oumarou zai shiga madafa ya ɗauko tiren da kansa, don Mariamu ba ta tsayawa a kan maza suna cin abinci. Hannu ake sawa, tire ɗaya, mutum tara ko goma, ba cokali ba faranti. Wanda ake cin ƙungiyarsa shi ake tura wa ƙashi, a ce ya yi ta gwagwiya ya huce. Daga can baya tana jiyo su suna santi, Shafi'i yana rantsuwa cewa da ita ce mai horar da 'yan wasa da ba a taɓa cin su ba. Oumarou kuwa ya fi kowa baki. Shi ne mai musu, shi ne mai tsokana, in Najeriya na wasa ya fi 'yan ƙasa ihu, su kuma su tambaye shi yaushe rabon tasa ƙasar da fitowa a talabijin.

Da masana'antar ta sallame shi saboda shekaru, makonsa ya koma rana ɗaya. Sauran shidan jiran Asabar yake yi.

Wata Talata yana alwala a bakin famfo jiri ya kwashe shi, ya zube a kan bokiti. Mariamu ta sa shi a keke mai ƙafa uku suka tafi asibitin unguwa. Nas ɗin, wata Bayarabiya mai jiki, ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta kwance ta ɗaura a ɗaya hannun, ta sake dubawa. Sai ta daina Turanci ta juya wa Mariamu da Yarbanci, wanda Oumarou bai taɓa iyawa sosai ba. Ta ce jinin mutumin nan ya hau inda bai kamata a ce yana tafiya da ƙafarsa ba. Ta ce ga magani, amma magani ba zai yi komai ba in ana ci gaba da ɗura masa gishiri da dunƙule da kitse da lemo. In ba a canza ba, ɓarin jiki zai shanye, yau ko gobe.

Mariamu ta san wannan ciwon, ba labari aka ba ta ba. Shi ya kama mahaifinta. Shekara uku tana juya shi a tabarma, tana goge masa yawu, yana kallon ta yana son magana harshe ya ƙi. Tun a kan bencin asibitin ta ji tsoro ya shige ta har cikin ƙashi.

A keke suna dawowa ta fassara masa duka. Da suka tsallake titin jirgi ya ce, “Mariamu, ki yi mini alkawari. Kar ki hwaɗa ma kowa. Ko Mamman.”

“Baban Rahma, hawan jini ne fa, ba sata ka yi ba.”

“Na sani. Amma in sunka ji, za su dinga duba na kamar wanda anka riga anka yi ma wanka. Ki rantse.”

Ta rantse. Ta ce to ran Asabar za ta zuba masa nasa daban a kwano. Ya kalle ta kamar ta zage shi. Mutum a ƙofar gidansa ya janye hannu daga tiren da ya ajiye wa baƙi? Ai ko dai ya raina su, ko yana ɓoye wata cuta da ake ɗauka, fassara ta uku babu. Ya ce gara ya ce musu an sace talabijin.

Kwana uku tana juya abin, ta ga hanya ɗaya ce. Tunda ba za a raba shi da tiren ba, sai a gyara tiren gaba ɗaya, maza goma su ci abincin mara lafiya ba tare da sun sani ba. Ta bi abin a hankali, kamar mai yaye. Makon farko ta rage dunƙule biyu. Na biyu ta rage mai. Kayan cikin da Mamman ke aikowa ta zauna da wuƙa ta cire kitsen tas, ta miƙa wa maƙwabciyarta Badiyya, ta dafa sauran da citta da tafarnuwa, ta gasa a kan waya maimakon suya. Ta koma ga daddawa, ta daka busasshen kifi, ta matsa lemon tsami. Shinkafa ta ragu, wake ya ƙaru, kabeji da zogale suka samu gefe guda a tiren. Ta fara yin zoɓo da ɓawon abarba ba sukari, ta ce wa mijinta ya gaya wa Shafi'i ya huta da ɗaukar kwalabe. Cikin wata biyu, gishirin da ke shiga tiren mutum goma bai kai wanda take sa wa miyar mutum biyu a da ba.

Abin mamaki, tiren ya ci gaba da dawowa a suɗe. Santin bai ragu ba, tana jiyo shi daga madafa kamar kullum. Mariamu ta ji kanta ya yi girma. Ta ce wa Badiyya, ba tare da ta faɗi dalili ba, “Maza fa ba su da harshe, ciki kawai gare su. Na cire musu komai, ba wanda ya sani.” Ta yarda cewa hannunta ne, ko ruwa ta dafa sai an lashe. A duk zaman aurenta ba ta taɓa jin daɗin kanta kamar a waɗannan watannin ba, ga miji tana ceto, ga suna bai taɓu ba.

Sai dai awo ya ƙi sauka. Wata na farko nas ta ce a ƙara haƙuri. Na uku ta canza magani. Na huɗu ta ajiye biro ta ce, “Iya Rahma, so kike ki yi takaba? Faɗa mini gaskiya, me kike ba shi?” A gaban mata cike da benci ta faɗa. Mariamu ta rantse har da hawaye, nas ɗin ta taɓe baki, irin na wadda ta saba jin rantsuwa. Ta dawo gida tana zargin mai shayi, tana zargin mai tsire na bakin masallaci. Har sansana rigunansa ta yi, ba ta ji komai ba.

Ranar da Najeriya ke wasa a gasar Afirka, da yamma, baranda ta cika har da na tsaye. Aka tafi hutu, Oumarou ya shigo ya ɗauki tire ya fita. Yana fita ta ga ya bar butar wanke hannu, ta ɗauka ta bi shi. A tsakiyar lungu, inda haske ba ya kaiwa sosai, ta same shi a tsugune, tiren a ƙasa. Gefensa ga wani tsohon gwangwanin madara a buɗe, da ƙaramar kwalbar mai. Yana murtsuke dunƙule da yatsu yana barbaɗawa, ya bi da gishiri, ya tsiyaya mai, yana cakuɗawa da sauri irin na wanda hannunsa ya saba.

Butar ta suɓuce mata. Ya ɗago, suka kalli juna.

“Tun yaushe?” ta ce.

“Tun mako na biyu.”

“Wata huɗu, Baban Rahma. Wata huɗu ina yanke kitse har yatsuna suna tsagewa. An zage ni a gaban mata. Ashe kai ne.”

Ya ce ta rage murya. Ya ce a makon farko, da suka ci, Mamman ya kalli Shafi'i ya ce ko yau Uwargida ba ta jin daɗin jikinta ne. Magana ɗaya ce, cikin wasa, amma shi ta tsaya masa. “Ke ba ki fita, ba ki gani,” ya ce. “Kowa na da ƙwallo cikin wayarshi yanzu. Gidan kallo na bakin titi, allonsu ya kai ƙohwar shago, ga fanka, ga kujeru. Tawa tele hotonta rawa yake yi. Mi ka kawo su nan? Ni? Tsohon mai gadi? Tirenki na, Mariamu. Ran da ya mutu sun tahi.”

“To gara kai ka mutu?”

“Ban ce ba. Amma in sun tahi, mi zan yi da lahiyar?”

Daga baranda aka ƙwala masa kira, an kusa dawowa. Ya rufe gwangwanin, ya tura shi bayan wasu tsoffin tayoyi, ya ɗauki tiren ya fita. Ta tsaya a lungun tana jin su suna yabon girkinta. Ba ta taɓa jin yabo ya yi mata ciwo haka ba, don yanzu ta san ba nata ba ne, kuma da shi ake kashe mata miji.

Mako guda ba ta ce masa komai ba. Ta zubar da gwangwanin, ta san zai sayi wani. Ta yi tunanin kiran Rahma, ta ga ita ma kowa ce a cikin rantsuwar. Duk sanda ya miƙa hannu zai ɗauki kofi sai ta zuba wa hannun ido ta ga ko yana rawa. Duk sanda ya yi hamma sai ta duba ko bakin ya karkace. Ran Juma'a ta tambayi wani malami abin da ke kan wanda ya karya rantsuwa, ya faɗa mata kaffara, ta ce ta ji.

Ran Asabar da aka tafi hutu, Oumarou ya shigo madafa ya tarar ba tire. Ta riga ta ɗauka ta zagaya ta ƙofar gefe. Karo na farko cikin shekara goma sha shida Mariamu ta tsaya a kan maza da tire a hannu. Ta dire shi, ta gyara mayafi, ta ce, “Ku yi haƙuri, abeg, magana zan yi. Abokinku yana da hawan jini, mai tsanani. An hana shi gishiri da kitse. Wannan abincin haka zai dinga zuwa daga yau. Wanda ya ga an ƙara wani abu a ciki, ya sani ba ni ba ce, kuma ya sani kashe shi ake yi.”

Oumarou yana tsaye a bakin lungu, ya ji duka. Mamman ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, “Innalillahi. Ni nake kawo kitsen nan duk mako. Malam, don me ba ka faɗa ba?” Shafi'i ya tashi daga kujerar roba ɗaya tilo da ke wurin, ya ce, “Oga, zauna nan, benci ba shi da wurin jingina.” Oumarou ya zauna. Bai kalli matarsa ba.

Ba wanda ya yi mugunta, kuma wannan ne abin haushin, don da akwai mugu da ta san wanda za ta zaga. Suka ci abincin, suka ce ya yi daɗi, ai ma haka ya fi lafiya. Tana jin su daga baya, kuma ta san bambancin santi da kara. Suka tura masa tsokar kifi gabansa, ƙashi kuwa ba a sake tura masa ba ko an ci ƙungiyarsa biyar. Da aka jefa ƙwallo suka miƙe da ihu, Mamman ya ɗaga hannu ya ce, “A hankali, jinin Malam.” Ihun ya mutu a maƙogwaro. Aka rage ƙarar talabijin. Oumarou ya jefo wata magana ta tsokana, irin wadda a da sai an yi rabin sa'a ana musu a kanta, suka ce haka ne, Malam, gaskiyarka. Ya sake jefo wata da gangan, ƙarya ce muraran, suka sake cewa haka ne.

Daga nan abin ya fara zubewa, ba a rana ɗaya ba. Mamman ya daina aiko da nama don tsoro, ya kuma ji nauyin zuwa hannu sake, sai ya koma leƙowa ran Juma'a ya yi ya jiki ya wuce. Shafi'i ya tuna cewa Asabar ranar fasinja ce. Da wasan ƙarshe na gasa ya zo, suka yi shawara a tsakaninsu cewa irin wannan tashin hankalin bai dace da mai hawan jini ba, suka tafi gidan kallo. Bayan an tashi suka aiko mutum ɗaya ya faɗa masa sakamakon a hankali, sakamakon da ya riga ya gani da idonsa shi kaɗai. Benci uku da yake fitarwa suka koma biyu, suka koma ɗaya. Badiyya ta ari tiren za ta yi suna, Mariamu ta ce ta bar shi a wurinta.

Awo kuwa ya sauka. Nas ta duba ta yi guɗa, ta kama hannun Mariamu ta ɗaga wa matan da ke benci, ta ce ku ga mace. Jirin ya tafi. Oumarou yana shan maganinsa kan lokaci, yana takawa masallaci da ƙafarsa, yana cin duk abin da ta ajiye masa. Bai taɓa yi mata gori ba, ko sau ɗaya. Ya dai koma cewa “na gode” bayan kowane cin abinci, kamar wanda aka sauka a gidan mutane. Ta gwammace ya zage ta. Da za a mayar da ita ranar nan, za ta sake ɗaukar tiren ta fita, ta sani, kuma sanin bai taɓa rage mata komai ba.

Asabar ɗin da ta wuce ya fitar da talabijin kamar kullum. Da aka tafi hutu ta kawo masa kwaɗon zogale da gasasshen kifi a ƙaramin faranti, sai ta zauna a ƙarshen bencin. Ba ta san su wa ke ja ba, su wa ke fari. Aka dawo, aka yi ta guje-guje. Can sai ihu ya taso daga gidan kallo na bakin titi, mai ƙarfi, ya cika layin, sannan ƙwallon ta shiga raga a nasu allon. Oumarou ya zabura, fuskarsa ta buɗe, ya ɗaga tafi ya juya dama zai tafa. Ba kowa a wurin. Mariamu ta yi maza ta goge hannu a zani ta miƙo nata, amma ya riga ya sauke.

“Tahi ki huta, Mariamu,” ya ce. “Ke ba ki son ƙwallo.”

Ba ta tashi ba. Ta zauna har aka busa tashi, ba ta san wanda ya ci ba, shi ma bai faɗa mata ba.